Na ce yatsana ya mutu, aka ce in ƙara jurewa

Anti, barka da aiki. Don Allah ki sakaya sunana. Shekarata 31, shekara 5 ke nan da aurena, kuma ni da maigidana muna zaune lafiya. Bara ya kawo mini maganar wasan ɗauri da igiya, irin wanda wasu ma'aurata ke yi a tsakaninsu. Da fari na ƙi, daga baya na ce mu gwada, kuma ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi mini. Idan ya ɗaure ni nakan ji hankalina ya kwanta, kamar an sauke mini kaya daga ka. Da muka ga ba mu iya sosai ba, sai muka shiga wani ɗan rukuni na manya da ke haɗuwa lokaci-lokaci suna koyon ɗaurin, kowa da tufafinsa a jiki. A cikinsu akwai wanda kowa ya ɗauka jagora, don ya fi kowa daɗewa a harkar.

Kwana 6 da suka wuce maigidana ya yi mini wani ɗauri da ake mayar da hannuwa baya, igiya ta zagaye damtse da ƙirji. Ba a jima ba na ce masa bayan babban yatsana na dama ya mutu. Ya tambayi jagoran, shi kuma ya ce haka kowa ke ji da farko, in jure, saura kaɗan. Na yi shiru, aka ƙara kamar minti 10. Da aka kwance ni, hannun ya ƙi ɗaguwa daga wuyan hannu. Washegari kofi ya suɓuce mini ya fashe. Har yau hannun a lanƙwashe yake. Jagoran ya ce kada in je asibiti, za a yi mini tambayoyin da za su tona asirin rukunin, kuma wai zai warke da kansa. Ya kuma ce idan na warke in zo ni kaɗai ya ɗaure ni da hannunsa, har ya ɗaga ni sama, in ga yadda ƙwararru ke yi. Akwai hotunana a wayarsa na ranar. Maigidana ya shiga damuwa, ko abinci ba ya iya ci. Anti, ni ce raguwa? In ci gaba da wannan abu ko in bari?

'Yar uwarki a ɓoye.

Ƙanwata, sannu. Allah ya ba ki lafiya, ya mayar miki da hannunki yadda yake. Kafin mu taɓa kowace magana, ki shirya ki je asibiti yau, in dare ya yi miki to gobe da sassafe. Kwana 6 hannu a lanƙwashe ya wuce abin da za a zauna ana jira a gida, kuma wanda ya hana ki zuwa ba shi ne zai rayu da hannun ba.

Ba na ganin hannunki, don haka likitan da zai duba ki shi ne mai magana ta ƙarshe, amma abin da kika kwatanta sananne ne. Akwai wata jijiyar saƙo da likitoci ke kira radiyal. Daga wajen hammata take sauka, ta zagaya ta bayan ƙashin damtse, ta fito ta gefen waje kafin ta kai gwiwar hannu. A wannan zagayen tana kwance ne a jikin ƙashi, naman da ya rufe ta kuwa ba shi da yawa, musamman ga mai siririn damtse. Ita ke ba wa wuyan hannu da yatsu umarnin ɗagowa sama, ita ke kawo ji daga bayan hannu ta wajen babban yatsa. Idan igiya ta danne ta a kan ƙashin, saƙo ya yanke, sai hannu ya faɗi ya ƙi tashi. Haka take samun wanda ya yi barci mai nauyi ya rataya hannunsa a kan kujera, ko mai dogara sanda da ke danna ta cikin hammata. Mutuwar da kika ji a bayan babban yatsa ita ce ƙararrawar farko, kuma kin ji ta a kan lokaci, kin kuma faɗa. Jiki magayi, naki ya gaya miki gaskiya.

Abin da zai ɗan kwantar miki da hankali shi ne, a galibin irin wannan rauni jijiyar ba ta tsinke ba, danne ta aka yi ta daina aiki, kuma takan farfaɗo cikin makonni, wani lokaci har wata 2 ko 3. Idan raunin ya shiga ciki sosai, zaren jijiyar sai ya sake tsirowa, shi kuwa tafiyarsa kamar milimita 1 ce a rana, to ki auna nisan damtse zuwa hannu ki ga watannin da za a ɗauka. Akwai kuma waɗanda ba su samu hannunsu ya dawo daidai ba har abada. Ba wanda zai iya raba miki waɗannan ta waya ko ta ido. Likita zai gwada ƙarfin kowace gaɓa, zai iya ba ki abin tallafe wuyan hannu don kada gaɓar ta sandare a lanƙwashe, ya tura ki wajen masu fisiyo, wato masu jinya ta hanyar motsa gaɓoɓi, in abin ya ƙi motsi bayan 'yan makonni a yi miki gwajin jijiya da na'ura. Kafin nan kada ki bari a yi ta murza wurin da ƙarfi, kada a gasa shi da ruwa mai zafi tunda fatar ba ta ji sosai, za ki iya ƙonewa ba ki sani ba, kada kuma igiya ta sake taɓa wannan hannu. Idan kika ga hannun ya kumbura, ko ya yi sanyi ya sauya launi, ko zafi na ƙaruwa, ko fitsarinki ya yi duhu, ko numfashi na yi miki wuya, to ba sai gobe ba, a kai ki a lokacin.

Na san abin da ke ranki: me zan ce wa likita? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba sai kin ba da labarin rayuwarki ba, ba sai kin ambaci rukuni ko sunan kowa ba. Ki ce, “An ɗaure mini damtse da igiya a nan, da yardata, na kusan minti kaza, tun ranar kaza hannun ya ƙi ɗaguwa.” Ki nuna masa daidai inda igiyar ta bi. Wannan bayani shi zai hana a ɓata lokaci ana neman shanyewar ɓarin jiki ko ciwon wuya. Yana iya tambayarki ko ana cutar da ke a gida, har ya nemi maigidanki ya ba ku wuri. Kada ki ji haushi, aikinsa ne, kuma akwai matan da wannan tambayar ce ta cece su. Ki amsa da gaskiyarki kawai. Sirrin mara lafiya amana ne a wuyan likita.

To, mu zo ga tambayarki, wai ko ke ce raguwa. A'a, ƙanwata. Kin yi abin da ya wajaba a kanki, kin buɗe baki kin ce ga abin da nake ji. Waɗanda igiya ke hannunsu su ne suka gaza. Ni a wannan labari naki ba ƙullin da aka yi ba daidai ba ne ya fi tsaya mini a rai, domin ko wanda ya shekara 20 yana ɗauri yakan dace da jijiya, jikin mutane ba ɗaya ba ne. Minti 10 ɗin nan ne suka tsaya mini. Kin yi magana, sai aka juya aka tambayi wani namiji abin da ke faruwa a cikin hannunki, alhali hannun a jikinki yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wannan harka ƙa'ida guda ce ke riƙe da sauran duka: wanda aka ɗaure shi ke da iko. Ya ba da hannuwansa aro ne, kuma duk lokacin da ya ce a dawo masa da su, a take ake dawowa da su, ba sai ya kawo hujja ba, ba sai wani ya tabbatar ba. Da zarar an ce “jure, saura kaɗan” ga wanda ya ce wani sashe na jikinsa ya mutu, an bar wasa an shiga cutarwa, ko da kuwa ba wanda ya yi niyyar mugunta.

Kada kuma ki zargi kanki da shirun da kika yi bayan nan. Mutum a ɗaure, a gaban jama'a, ga wanda ake girmamawa ya yanke hukunci, ga miji da ba ta so ta kunyata, wace mace ce za ta yi ta musu? Ban da wannan ma, natsuwar nan da kika ce kina ji idan an ɗaure ki tana rage wa mutum kaifin ji da kaifin magana. Wasu sukan lula har su kasa haɗa kalma biyu, wasu tsoro ne ke daskarar da su. Shi ya sa masu hankali a harkar ba sa ɗaukar shiru a matsayin yarda. Idan wanda aka ɗaure ya yi tsit, dalilin tsayawa a duba shi ne ya samu.

Yarda kanta ba takarda ba ce da ake sa wa hannu sau ɗaya a ajiye. Kin yarda mijinki ya ɗaure ki, wannan bai ba wani izinin taɓa ki ba. Kin yarda da ɗaurin jiya, wannan bai zama yardar yau ba. Kin yarda a fara, kina da damar cewa a tsaya a tsakiya. Har kotuna sun yi magana a kan haka. A 2011 Kotun Ƙolin Kanada ta yanke cewa mutum ba zai iya ba da yarda tun kafin lokaci a kan abin da za a yi masa bayan ya fita hayyacinsa ba, domin yarda tana buƙatar mai ita ya kasance a farke, yana iya janye ta. A Ingila kuwa, tun wata shahararriyar shari'a ta 1993 aka tsayar cewa “ai da yardarsa” ba ya wanke wanda ya ji wa wani rauni a irin wannan wasa, kuma a 2021 aka shigar da wannan ƙa'ida cikin rubutacciyar doka. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma na kawo miki waɗannan ne don ki ga nauyin da ke kan mai riƙe da igiya.

Yanzu jagoran nan. Zan faɗa miki ra'ayina ba kwana-kwana: ki nisance shi. Kuskuren da ya yi na cewa ki jure zai iya zama jahilci, duk da cewa jahilci ne mai muni ga wanda ke koyar da mutane, tunda bambanci tsakanin matsewar jini da dannewar jijiya shi ne darasin farko. Amma abin da ya biyo baya ya fi ƙarfin jahilci. Ya ga hannunki ya faɗi, abin da ya fara zuwa masa shi ne asirin rukuninsa. Sannan mace tana jinyar raunin da shawararsa ta jawo, yana gayyatarta ta zo ita kaɗai, ba mijinta, ba shaida, ya yi mata ɗauri mafi haɗari da ake da shi. Ɗaga mutum sama da igiya yana ɗora nauyin jiki gaba ɗaya a kan 'yan layukan igiya, a nan jijiya kan lalace cikin daƙiƙoƙi, a nan ake faɗowa a fasa kai ko a karya wuya. Wanda ya san abin da yake yi ba zai ko ambaci wannan ga mai sabon rauni ba. Irin waɗannan mutane suna nan a kowace harka da ake yi a ɓoye, domin sun san wanda aka cuta kunya za ta hana shi magana. Alamominsu kusan iri ɗaya ne: su raba ki da wanda kika zo da shi, su nuna miki cewa iyakokinki ƙauyanci ne ko rashin ƙwarewa, su ce kowa haka ya fara, su riƙe wani abu naki a hannu.

Abin da ya riƙe kuwa hotunanki ne. Ban sani ba ko an nemi izininki kafin a ɗauka, amma ko an nema, kina da damar janyewa. Ke da maigidanki ku rubuta masa saƙo gajere, cikin ladabi, ba zagi ba barazana: kuna so ya goge duk hoton da kike ciki, har wanda ya tura wa wani ko ya ajiye a wani wuri, ya kuma tabbatar muku a rubuce. Ku adana saƙon da amsarsa, ku adana wanda ya ce kada ki je asibiti da wanda ya gayyace ki, in a rubuce suke. Idan ya fara jan rai ko ya yi nuni da cewa hotunan za su iya fita, kada ku biya shi komai, kada ki je wurinsa don a sasanta, ku nemi lauya. Mai barazanar tona asiri idan aka ba shi sau ɗaya, ya samu hanya.

Zuciyata tana kuma kan sauran matan da ke rukunin. Ba zan ɗora miki nauyin ceton kowa ba, jinyarki ce a gaba. Amma in akwai wadda kika amince da ita a ciki, ki gaya mata abin da ya faru yadda ya faru, ba ƙari ba ragi. Yadda rukunin zai karɓi maganar shi zai nuna miki ko wurin zama ne. Rukuni na ƙwarai yana da wanda ake kai wa ƙara ban da jagora, yana da dokar hoto, ba ya barin baƙo ya keɓe da wanda ya fi shi daɗewa, kuma idan wani ya ji rauni, su ne za su fara cewa a tafi asibiti. In kuwa kika ga an taru ana kare shi ana cewa kin cika ƙorafi, kin samu amsarki. Batun ko ya dace tun farko wannan abu ya fita daga ɗakinku zuwa gaban wasu, wannan tsakaninki ne da imaninki da mijinki, kuma na tabbata kin riga kin yi ta juya shi a ranki. Abin da zan ce kawai, ba dole sai da rukuni ake kiyaye lafiya ba.

Maigidanki fa? Damuwarsa ta nuna mini mutum ne mai zuciya, kuma ban ga alamar mugunta a abin da kika rubuta ba. Sai dai ki lura kada ya zama ke mai ciwo ke ce kuma mai lallashi. Ƙin cin abinci ba zai ɗaga hannunki ba. Abin da zai yi miki amfani shi ne ya raka ki asibiti, ya ɗauke miki ayyukan da hannu ɗaya ba zai iya ba, sannan ya zauna ya faɗa da bakinsa inda ya yi kuskure. Idan ya ce “ban iya ƙullin ba ne”, bai gano ba tukuna. Idan ya ce “kin gaya mini, na saurari wani na bar ki”, to ya gano, kuma daga nan ake iya sake gini. Ki gaya masa yadda kika ji a waɗannan mintoci, ko da zai yi masa ɗaci. Amanar da ke sa mace ta miƙa hannuwanta a ɗaure ba ƙarama ba ce, kuma idan ta tsage, da magana ake ɗinke ta.

Sai tambayarki ta ƙarshe, ki ci gaba ko ki bari. Yanzu dai babu igiya har sai likita ya ce jijiyar ta warke sarai, domin jijiyar da ta taɓa rauni ta fi saurin sake rauni. Bayan nan zaɓi naki ne. In kin ji abin ya fita daga ranki, ya fita ke nan, ba wanda ke bin ki bayani, kuma miji na gari ba zai yi miki fushi ko naci ba. In kuma kin ji har yanzu kina so, babu abin kunya a ciki, amma ki koma da ido a buɗe, domin wannan wasa ba shi da siffar da haɗari ya fita daga cikinta gaba ɗaya, rage shi kawai ake yi.

Yana da kyau ki san inda irin ɗaurin da aka yi miki ya samo asali. Daga Japan yake, inda ake kiran fasahar shibari ko kinbaku, shi kuma wannan na mayar da hannu baya ana ce masa takate-kote. Tushensa wata tsohuwar dabara ce ta ɗaure waɗanda aka kama, hojojutsu, wadda jami'an tsaro suka yi amfani da ita sosai a zamanin Edo, tsakanin 1603 da 1868. Daga baya, a ƙarni na 20, masu zane da masu wasan dandamali suka mayar da ita abin ado da sha'awa. Wato siffar da ake gani tana da kyau a hoto, asalinta an tsara ta ne don hana fursuna motsi, jin daɗinsa ba ya cikin lissafi. Takate-kote kuwa ya yi suna a tsakanin masu harkar da cewa shi ya fi jawo irin rauninki, saboda igiyarsa tana bi ta daidai inda jijiyar nan take kwance. Bai kamata a fara koya wa sabon shiga da shi ba.

Idan za ku koma, ku koma ƙasa, a zaune ko a kwance a kan abu mai laushi, hannuwa a gaba inda ku biyu kuke ganinsu. Mutumin da aka ɗaure wa hannu ba ya iya tare faɗuwa, kuma tsayuwa a ƙame takan kawo jiri har da suma, don haka ba a barin shi a tsaye ba mai riƙe da shi. Ƙullin ya zama wanda ba ya ƙara matsewa idan an ja, zarge ba shi da wuri a jikin mutum ko kaɗan. A bar sarari yadda yatsu biyu za su shiga tsakanin igiya da fata, a shimfiɗa igiyar layi-layi don nauyi ya bazu, a kauce wa gaɓoɓi. Wuraren da jijiya ke kusa da fata su ne hammata, bayan damtse, cikin gwiwar hannu inda in kika buge kike jin kamar lantarki har ƙaramin yatsa, wuyan hannu, makwancin cinya, da gefen gwiwa ta waje, inda in aka danne ƙafa kan faɗi kamar yadda hannunki ya faɗi. Masu harkar sun fi amfani da igiyar rama mai kaurin kamar milimita 6, saboda ƙullinta yana zama inda aka sa shi. Ta auduga ƙullinta kan cije ya ƙi kwantuwa, ta roba kuma tana santsi tana ƙona fata in aka ja ta da sauri.

Almakashi ya kasance a inda hannun maigidanki zai kai ba tare da ya tashi ba, irin na ma'aikatan jinya mai dakusasshen baki wanda ake yanka bandeji da shi, kuma ya gwada shi a kan igiyar tun kafin a fara. Wuƙa ko reza a lokacin ruɗewa sai ta ƙara wani raunin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kuma sa a ransa cewa igiya abar yankewa ce, duk tsadarta.

Ga yadda ake dubawa, kuma ina so ku mayar da shi al'ada duk bayan 'yan mintoci. Ya sa yatsunsa biyu a tafin hannunki ya ce ki matse. Ya ɗora tafinsa a bayan hannunki ya ce ki tura sama. Ki ɗaga babban yatsa, ki taɓa kan kowane yatsa da shi ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa bayan hannun da gefen ƙaramin yatsa ya tambaye ki, “Kina ji daidai da ɗaya hannun?” Idan jini ne ya matsu, minjirya takan kama hannun gaba ɗaya a hankali, ya yi nauyi, launinsa ya sauya, wannan ma dalilin sassautawa ne. Idan kuwa wani yanki ne kaɗai ya mutu, yatsa ɗaya ko biyu, ko kika ji tsartuwa kamar lantarki, ko ƙarfi ya ragu, jijiya ce, a cire igiyar nan take. Abin tsoron shi ne wani lokaci jijiya takan lalace babu zafi ko kaɗan, hannu kuma launinsa lafiya lau, shi ya sa kallo kaɗai ba ya wadatarwa.

Ku tsayar da kalmar tsayawa tun kuna zaune da hankalinku. Da yawa suna aron launukan fitilar hanya: kore a ci gaba, rawaya a sassauta a duba, ja a tsaya a kwance. Ku ƙara da alamar da ba ta buƙatar murya, misali ki riƙe makullai a hannu, in kika sake su suka faɗi, an gama. Amma ki gaya masa a fili cewa “tsaya”, “hannuna” da “ban ji daidai ba” duk ja ne, ba sai kin tuno wata kalma ta musamman ba. Abin da ba a yi maganarsa kafin a fara ba, ba a ƙara shi a tsakiya, lokacin da ba ki da hannun turewa.

Akwai abubuwan da ba na sassauci a kansu ko kaɗan. Igiya ba ta zuwa wuya, ko da wasa, ko sako-sako. Jijiyoyin jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa suna gefen wuya, matse su na iya sumar da mutum cikin kusan daƙiƙa 10, kuma mutane sun mutu ta haka a hannun waɗanda ke ƙaunarsu. Ba a barin wanda aka ɗaure shi kaɗai a ɗaki, ko na zuwa buɗe ƙofa ne. Ba a kifa mutum a kan cikinsa an haɗa hannu da ƙafa ta baya a bar shi, domin ƙirji yakan gaji ya kasa jan numfashi. Ba a toshe bakin wanda aka ɗaure a rasa hanyar jin ƙorafinsa, ga kuma haɗarin amai ya shaƙe shi. Ba a haɗa igiya da abin maye ko maganin barci, daga ɓangarensa ko naki. Sannan lafiyar jiki: mai sikila matse gaɓa na iya tayar masa da ciwo, mai ciwon suga ƙila jijiyoyinsa sun riga sun raunana ba zai ji gargaɗin ba, mai asma ba a matse masa ƙirji, haka mai farfaɗiya, mai juna biyu, mai shan maganin tsinka jini da wanda jini ya taɓa daskare masa a ƙafa. In kina cikin ɗayan waɗannan, ki tambayi likita tun a zuwan nan da za ki yi.

Bayan an kwance ma ba a gama ba. Jiki yakan yi sanyi, wasu su yi rawar ɗari, wasu kuka ya zo musu ba dalili, wani lokaci sai bayan kwana ɗaya ko biyu rai ya ɓaci. A sauke hannuwa a hankali, a sha ruwa, a lulluɓe, a zauna tare, washegari a sake gwada yatsu a kuma tambayi juna me ya yi daɗi, me bai yi ba. Na lura a wasiƙarki ba ki ce wani ya zauna da ke a daren nan ya tambaye ki yadda zuciyarki take ba, kowa hannun yake kallo ko asirinsa. In kin ga tsoro na dawo miki, ko barci ya ƙi, ko kina jin faɗuwar gaba idan mijinki ya riƙe miki hannu, ki nemi mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa ki yi magana da shi, wannan ma rauni ne da ake jinya.

Yau dai ki sa a rubuta miki ranar da abin ya faru, tsawon lokacin da igiyar ta yi, da inda ta bi a damtsenki, ki tafi da takardar. Maigidanki ya kai ki, kada ki yi tuƙi da wannan hannun. Idan kin dawo ki rubuto mini abin da likita ya ce, ko da hannun hagu ne, ina jira.